Kaset Ɗin Kifayen Kanada

Shafi na 11

Na Kulu Sani

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da shirun da na yi kwana biyu, sau uku ina rubuta wannan shafin ina gogewa. Wadda ta ce in daina ja mata rai, ga shi nan. Labarina na farko ke nan, in kun ga kuskure ku gyara min a hankali, don Allah.

*

Karo na huɗu ke nan ana saka kaset ɗin tun jiya, Inna ba ta gaji ba.

Ta jawo tabarmarta gaban talabijin har gwiwarta na taɓa teburin, carbi a hannu amma ba ta ja. 'Yarta Asma'u na bayanta da fararen kayan makarantar koyon jinya, ko hijabi ba ta cire ba tun dawowarta daga asibiti. Baffa Inuwa, ƙanen marigayi mahaifinsu, ya cika kujerar falon da babbar rigarsa. Bidiyon ma nasa ne, direbansa ya kawo. Can bakin ƙofa kuma Mukhtar ne a rakuɓe, aminin Sha'aibu, yayan Asma'u. Tare suka gudu Kanada shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ake farautar ƙananan likitocin da suka sa hannu a takardar ƙin mulkin soja.

Mako uku ke nan da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Duk wanda ya gudu yana dawowa. Mukhtar ya dawo shekaranjiya.

Sha'aibu bai dawo ba. Sai kaset.

A cikin talabijin ruwa ne iya ganin ido, launinsa kamar toka. Wani farin jirgin ruwa na ta rangaji, Turawa cikin jajayen rigunan sanyi sun yi layi sun rirriƙe ƙarfen gefe. Can sai wani baƙin tsini ya keto ruwan kamar wuƙa, tsayinsa ya kusa na mutum. Wani ya biyo. Wani ma. Sai ɗaya ya yi tsalle ya fito gaba ɗayansa, bayansa baƙi wuluk, ƙirjinsa fari tas, ya faɗo ya watsa wa jirgin ruwa.

"La'ilaha illallahu!" Inna ta dafe ƙirji, kamar ba ta gani sau uku ba. "Alhaji, wannan ai ya fi motarka."

Baffa ya yi dariya. "Ya fi ta, Hajiya. Ya ninka ta ma."

"Ga wancan kuma ya leƙa kai, ko tsoro babu. Kai! Ja da baya mana!"

Wancan shi ne Sha'aibu. Ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ya juyo ya fuskanci mai ɗauka, hular sanyi har kunne, yana murmushin nan nasa mai fito da wushirya. Ya fara magana. Ya daɗe yana yi, yana nuna ruwa, yana dafa ƙirji, yana dariya. Amma babu abin da ke fitowa sai wani kiɗa mai sanyi, irin wanda ake ɗora wa kaset ɗin biki wajen da amarya ke shigowa.

"Yaya Mukhtar," in ji Asma'u, "me yake cewa a nan?"

"Gaisuwa ce. Yana gaishe ku duka."

"To me ya sa ba ma jin muryarsa?"

"Iska ce. Iskar teku ta ɓata maganar, sai huuu kawai ake ji. Shi ya sa mai shago ya ɗora kiɗa."

"Yaushe kuka ɗauka?"

"Watan jiya. Ai na faɗa."

"Watan jiya da wace rana?"

"Ke Asma'u!" Baffa ya katse ta. "Jinya kike koyo ko aikin ɗan sanda? Bawan Allah ya sha hanya, ya kawo wa uwarki abin da zai sanyaya mata rai, ke kuma kin tsare shi da tambaya. An ce miki takardun yayanki ne ba su kammala ba, bayan damina zai taho. Me kuma kike nema?"

"Ba komai, Baffa. Allah Ya ba da haƙuri."

Ta sunkuyar da kai, amma idonta bai bar Mukhtar ba.

Tun jiya take lura da shi. Sau huɗu ana kallon nan, ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dubi talabijin ba. In kifayen suka fito ya kalli silin. In Sha'aibu ya fito ya kalli yatsun ƙafarsa. Mutumin da ya yi yawon buɗe ido watan jiya da amininsa, ai shi zai riƙa cewa ku dubi nan, ku tsaya ku ga abin da zai faru yanzu.

Ga kuma abin da ya fi damun ta. Wata biyu ta yi a ɗakin marasa lafiyar da ake sa wa roba a maƙogwaro, waɗanda ba sa iya fitar da murya. A can ta koyi kallon leɓe. Kalmar farko da yayanta ya furta da ya juyo, leɓensa sun haɗu sau biyu.

Baba.

Baba kuwa shekararsa biyu a ƙasa.

Ta ce wa kanta ƙila idonta ne. Ƙila wata kalma ce ta Turanci. Da kaset ɗin ya ƙare ta tashi ta ciro shi don ta mayar cikin kwali, sai ta ga 'yar takarda manne a gefensa: Shagon Lawrence, ɗaukar biki da suna, kasuwar Tarauni.

*

Washegari da ta tashi daga aikin safe ba ta nufi gidansu da ke Gyaɗi-Gyaɗi ba. Bas ta shiga zuwa Tarauni.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai gyaran rediyo. Kaset-kaset jere har rufi, kowanne da sunan amarya da ango. Mai shagon na zaune gaban talabijin biyu, ya ɗora gilashi a goshi.

"Sannu da zuwa, Sista! Biki ne? Faɗa min rana kawai. Ni nake ɗaukar duk 'yan asibitinku, ba wadda ta taɓa fitowa da muni."

Hausarsa tas, ta wanda aka haifa a garin.

"Ba biki ba ne. Kai ne Lawrence?"

"Ni ne, in ba faɗa aka aiko ki ba."

"An kawo maka wani kaset kwanan nan. Na teku, da manyan kifaye."

"Oho, orka! Makasan teku. Na Dakta Mukhtar mai sanƙo." Ya yi dariya. "Ni da yarana sau biyu muka kalla. Ya, bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi. Me aka ce ka yi masa?"

"Juyawa. Kin san kaset ɗin ƙasashen can ba ya hawa bidiyonmu. In kin saka sai hoton ya yi ta birgima, ba launi. Sai na bi da shi ta wannan injin na sauke a sabon kaset."

"Kiɗan fa?"

Ya sauko da gilashin kan hancinsa ya dube ta.

"Mai kaya ya ce a ɗora."

"Saboda iska ta ɓata maganar?"

"Wace iska?"

Ta dafa kantar.

"Na asalin yana nan?"

"Yana nan, bai dawo ya karɓa ba. Amma Sista, ni ba na nuna wa wani kayan wani. In na fara haka gobe ba mai kawo min kaset ɗin matarsa."

"Wanda ke ciki yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya." Ta ƙara matsowa. "Shekara huɗu ban ji muryarsa ba. Ba zan ɗauka ba, ba zan taɓa ba. In ji kawai."

Lawrence ya miƙe. Ya leƙa waje, ya dawo ya sosa ƙeya.

"Gaskiya ni ma abin ya tsaya min. Mutane kan ce in rage surutun 'yan biki. Ban taɓa ganin wanda ya ce in danne gaisuwa ba." Ya jawo mata kujera. "Zauna. In ya zo, ban san ki ba."

Ya saka.

Ruwan nan ne, jirgin nan ne. Amma yanzu akwai sauti. An kashe injin jirgin, sai ƙarar ruwa na dukan gefensa. Wata Baturiya na bayani ta lasifika a hankali, kamar mai gudun tayar da jariri. Sai aka ji fuuu! mai ƙarfi, kifin ya fesar da numfashi sama. Turawan suka ja numfashi tare.

Sai dariya. Dariyar Sha'aibu.

Asma'u ta toshe bakinta da hijabi.

"Baba, ina wuni. Ko ina kwana ne a wajenku, lokacin nan ya rikita ni. Baba, ka ga ikon Allah? Kai da kake cewa ba kifin da ya kai na Wudil, to yau ga iyayen gidansa. Mukhtar, matso da abin nan, Baba ya gani da kyau."

Hoton ya karkata, ya dawo.

"Inna, matar nan mai bayani ta ce waɗannan duk 'yan gida ɗaya ne. Waccan ta gaba ita ce uwar, inda ta nufa nan kowa ke bi. Wancan ƙaton mai dogon tsini ɗanta ne, ya fi shekara talatin. Wai namijinsu komai girmansa ba ya barin uwarsa sai mutuwa. Kin ji, Inna? Kifi ma ya fi ni kirki."

Ya yi dariya, amma ya kau da kai ya goge ido da bayan hannu.

"Asma'u sarkin karatu! Na san za ki ce ba kifi ba ne, shayarwa suke yi, kin karanta a littafi. Na sani, a bar ni in ce kifi. Na ji an ɗauke ki makarantar jinya. Madalla. Wata mai zuwa za ki fara ko? Saura ki ga jini ki sume mana, ki ba da mu."

"Tsayar," in ji Asma'u.

Lawrence ya tsayar. Fuskar Sha'aibu ta daskare da baki a buɗe.

Wata mai zuwa za ki fara. Ita da take shekarar ƙarshe.

"Sista, lafiya? In kawo ruwa?"

"An ce mana watan jiya aka ɗauka."

"Watan jiya?" Ya ciro kaset ɗin, ya ɗaga murfin da yatsa ya nuna mata zaren. "Dubi gefensa yadda ya yi laushi. Wannan ya sha kallo, ya sha ajiya. Shekara goma sha biyu ina wannan aikin. Ko makaho ya shafa ya san ba na bana ba ne."

"Me ya ce maka daidai, da ya kawo?"

"Ya ce kar kalma ko ɗaya ta fita. Sau biyu ya maimaita. Har ya tsaya sai da ya ji da kunnensa kafin ya tafi."

Ta miƙe.

"Na gode, Malam Lawrence."

"Sista." Ya rage murya. "Yayan naki, yana ina yanzu?"

Ta buɗe baki za ta ce Kanada. Kalmar ta ƙi fita.

*

Ana idar da la'asar hadari ya haɗo. Motar Baffa na ƙofar gida, shi yana ciki wajen Inna. Asma'u ba ta shiga ba. Ta zauna kan dakalin cikin soro da jakarta a cinya, don ta san tun dawowarsa Mukhtar ba ya fashin zuwa gaida Inna a wannan lokacin.

Yayyafi ya fara sauka ya yi sallama, yana karkaɗe hula.

"A'a, Asma'u. Ke kaɗai a soro? Inna na ciki?"

Ba ta amsa sallamar da ƙarfi ba. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kai da kake cewa ba kifin da ya kai na Wudil," ta ce, "to yau ga iyayen gidansa."

Hular ta suɓuce daga hannunsa.

"Me... me kika ce?"

"Iska ba ta ɓata komai ba, Yaya Mukhtar. Har numfashin kifin na ji."

"Wa ya kai ki shagon nan?"

"Abin da za ka tambaya ke nan?"

Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya daɗe yana kaɗe ta.

"To, na ji. Tsohon kaset ne. Ba mu samu damar ɗaukar sabo ba, ni kuma ban so in zo wa Inna hannu biyu. Laifi ne, na yarda. Shi ke nan?"

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ba ni lambar wayarsa. Gobe in je in buga."

"Ya tashi daga gidan da muke. Bai sa waya ba tukuna."

"Asibitin da yake aiki fa? Su ma ba su sa ba?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Yaya Mukhtar, tun ina aji uku kake cin tuwo a gidan nan. Baba da kansa ya raka ku tasha ranar da za ku gudu, ya dafa kanka ya ce ga ɗan'uwanka nan. Ka dubi Allah ka faɗa min. Yaushe rabonka da shi?"

"Asma'u, ki bar maganar nan."

"Wasiƙunsa da hannu yake rubutawa, rubutun nan nasa kamar tafiyar kaza, sai ni kaɗai ke iya karanta wa Inna. Rana ɗaya suka koma na keken rubutu. Na tambaya, aka ce ci gaba ne. Ya daina ce min sarkin karatu, ya koma ƙanwata abin alfaharina. Yaya Sha'aibu ne zai ce min abin alfahari? Wa yake rubuta su?"

Ruwan ya ƙaru a kan kwano. Mukhtar ya jingina da bango, ya zame a hankali har ya tsuguna.

"Ni ne."

Ta san amsar tun a bas.

"Har ta ta'aziyyar Baba?"

Ya gyaɗa kai.

"Wadda liman ya karanta a gaban mutane ranar sadakar arba'in? Wadda Inna ke ajiyewa cikin Alƙur'aninta?"

"Wallahi ina rubutawa ina kuka."

"Kukanka ya dame ka. Ya mutu ne?"

"Ban sani ba."

"Kamar ya ba ka sani ba? Mutum ko yana raye ko ya mutu!"

"Rage murya, don girman Allah." Ya dubi ƙofar cikin gida. "Ban sani ba, Asma'u. Shi ne gaskiyar. Da na sani da na huta."

Ta dafe dakalin da hannu biyu. "Faɗa min daga farko."

Ya share fuska da hular.

"Kin tuna wasiƙar da kika rubuto, cewa an kwantar da Baba, yana ta kiran sunansa?"

"Na tuna."

"Ranar da ta iso ya haɗa jaka. Na roƙe shi, na rufe ƙofa na ɓoye makulli. Na ce sunanka na hannunsu, kana sauka za su ɗauke ka. Ya ce ko a ankwa ne sai ya ga Baba. Kin san shi."

Wasiƙarta. Ita ta zauna a barandar asibiti ta rubuta, har hawaye ya ɓata layi biyu.

"Sai ya ce ba zai sauka a Kano ba, ba zai sauka a Legas ba. Ya bi jirgi zuwa Kwatano ta ƙasar Benin, daga can ya shigo ta mota kamar ɗan kasuwa. Ya kira ni daga Kwatano ranar wata Talata. Ya ce gobe da safe zai tsallako iyaka, jibi yana gida, zai sa ki dafa masa dambu." Ya sunkuyar da kai. "Rabona da shi ke nan."

"Shekara biyu."

"Da wata ɗaya."

"Shekara biyu yana ƙasar nan."

"In yana..."

"Kar ka ƙarasa!" Ta miƙe tsaye. "Ka san abin da ka yi kuwa? Tun bara ake sakin mutane. Iyaye na bin gidajen yari da hotunan 'ya'yansu. Lauyoyi na tattara sunaye, rediyo na karantawa. A asibitinmu na wanke ƙafar wani da aka fito da shi, matarsa ce ta yi wata takwas tana zarya har aka gano inda yake. Mu kuma muna nan zaune, ina karanta wa Inna cewa dusar ƙanƙara ta yi yawa bana! Ba wanda ya neme shi, Yaya Mukhtar. Ko mutum ɗaya. In yana wani ɗaki yana jira, ya zaci mun san an kama shi muka share!"

"Na nema! Daga can na rubuta wa ƙungiyoyi..."

"Daga Kanada? Mu da muke nan fa? Me ya hana ka faɗa mana?"

"An ce in yi shiru."

Ta tsaya cak.

"Wa ya ce?"

Ya kau da kai.

"Tsaya." Ta matso kusa da shi. "Ka ce ta mota ya shigo, kamar ɗan kasuwa. Dubban mutane ke tsallake iyakar nan kullum. Ta ya aka san shi ne? Wa ya san ranar, banda kai?"

"Ba ni na ba da shi ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Ban ce kai ne ba. Na ce wa ya sani?"

"Tsoro na ji, kar ya shigo shi kaɗai ba mai tarbarsa. Sai na bugo waya. Na faɗi ranar, na faɗi iyakar da zai bi, har kalar rigar da ya ce zai sa. Na ce a tura wanda zai taho da shi."

"Gidan nan ba mu da waya."

"Na sani."

"To ina ka buga?"

Ya ɗago jajayen idanunsa.

"Waya nawa ce a danginku, Asma'u?"

Ɗaya ce. Duk wanda ke da saƙon gaggawa, na haihuwa ko na rasuwa, can ake bugawa a aiko direba ya faɗa. Tana kan teburin ofishin Baffa Inuwa, an rufe ta da ɗan farin ƙyalle.

"A'a," ta ce. "A'a."

"Ya ce in kwantar da hankalina, shi da kansa zai shirya komai. Bayan mako na sake bugowa, ya ce bai iso ba, yana bincike ta ƙarƙashin ƙasa, kar kowa ya ji. Ya ce Baba na gargara, Inna ga hawan jini, in labarin ya fita gawa biyu za a ɗauka. Ya ce in riƙa rubuto wasiƙa kafin a gano shi. Wata ɗaya, wata biyu, har abin ya fi ƙarfina. Da na ce masa zan dawo, shi ya tambaye ni ko ina da wani hoto mai motsi na Sha'aibu. Shi ya ce a danne muryar."

"Shi da yake zuwa kullum ya zauna kusa da Inna..."

"Na tambaye shi shekaranjiya, ina binciken ya tsaya. Ya ce in ci tuwona in yi shiru, yanzu lokacin siyasa ne, ba a tone-tone."

Asma'u ta ɗauki jakarta.

"Ina za ki?"

"Wajen Inna. Yau za ta ji. Gobe da safe in ɗauki hotonsa in fara daga inda ya kamata a fara tun shekara biyu."

Ta juya ta nufi ƙofar cikin gida.

Labulen a ɗage yake.

Baffa Inuwa na tsaye a wurin, takalmansa a hannu ɗaya, ruwa na ɗiga daga bakin rigarsa. Ba ta san tun yaushe yake nan ba. Bai kalle ta ba, Mukhtar ya kalla.

"Kwana uku," ya ce a hankali. "Kwana uku kacal ka kasa riƙe bakinka."

Daga can ciki muryar Inna ta taso. "Alhaji, da wa kake magana? Asma'u ce ta dawo?"

"Ita ce, Hajiya. Yanzu za ta shigo."

Ya saki labulen ya rufe bayansa. Ya ajiye takalman, ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar, ba gaggawa.

"Baffa," ta ce. "Ina Yaya Sha'aibu?"

Sai a lokacin ya dube ta. Babu faɗa a fuskarsa, babu kunya.

"Goge idonki ki shiga ki gaida uwarki da fara'a," ya ce. "In kina so ya kai gobe da rai, wannan maganar ba za ta wuce soron nan ba."